Ku Tambayi Mai Gyara: Baƙin Singer, Ƙura da Allura

Assalamu alaikum masu karatu. Idan azumi ya ƙarato ba sai na duba kalanda ba, rumfata ce ke fara sani. Kawunan keken ɗinki sai su yi ta zuwa, wani a bayan mashin, wani an naɗe shi da tsohon zane an ɗoro wa yaro a ka, kowa kuma cewa yake yi yau-yau yake so, don ɗinkin sallah ya taru. Saƙonnin wannan wata ma hanyar suka bi, kusan duka a kan keken ɗinki ne. Masu tambayar fanka da dutsen guga su yi mini haƙuri sai fita ta gaba.

TAMBAYA: Baba, ina gaisuwa. Mahaifiyata ta rasu bara, da aka raba gado kekenta na ɗinki ya faɗo a kasona. Singer ne baƙi mai zanen ruwan zinare, na takawa da ƙafa. Ya kai shekara takwas a ɗaki ba a taɓa shi ba, yanzu ko juyawa ba ya yi. A jikinsa akwai tambari mai shuɗin zobe, an rubuta 1851 da 1951, lambar da ke gindinsa kuma ta fara da EG. 'Yan gwangwan sun taya, maigidana ya ce in sayar ya cika mini kuɗi in sayi sabo. Me ka gani? Daga wata baiwar Allah a Daura.

AMSA: Allah Ya jiƙan Hajiya, Ya kai rahama kabarinta, Ya ba ku haƙurin rashi. 'Yata, kada ki sayar. Ki gaida maigidan naki, ki ce na ce niyyarsa mai kyau ce, amma kuɗin da zai cika ya ajiye su, kashi ɗaya cikin goma ma ya isa a tashi wannan keke.

Bari in karanta miki abin da kika rubuto, don kin ba ni shekarunsa ba ki sani ba. Wannan tambarin mai shuɗin zobe kamfanin ya yi shi ne lokacin da ya cika shekara ɗari, ya liƙa wa kekunan da suka fito a tsakanin nan. Ke nan kekenki ya haura shekara saba'in. Lambar da ta fara da harafin E da wani harafi a gefensa kuwa ta masana'antar Clydebank ce, kusa da birnin Glasgow a Sikotilan. Yawancin tsofaffin Singer da ke ƙasar Hausa daga can suka fito, tunda mu a ƙarƙashin Turawan Ingila muke a lokacin, kayansu ke zuwa mana. Idan kin ji ana kiran samfurin keke da 15K ko 99K ko 201K, wannan K ɗin daga Kilbowie ne, sunan wurin da masana'antar take. Kamfanin ya fara haɗa keke a Glasgow a 1867, da wurin ya yi masa kaɗan ya gina wannan babba a shekarun 1880. Ta kai ma'aikatanta sun haura dubu goma, har tashar jirgin ƙasan da ke wurin sunan Singer aka sa mata, kuma har yau sunanta ke nan. An rufe masana'antar a 1980. Ki lura da wannan: wurin da ya ƙera kekenki babu shi yanzu, ko nawa mutum ke da shi ba zai je ya sayo sabon irinsa ba.

Shi mai sunan, Isaac Singer, Ba'amurke ne, an haife shi a 1811. Akwai abin da nake so a labarinsa. A 1850 yana wani shagon injuna a birnin Boston aka nuna masa wani keken ɗinki da ya ƙi aiki yadda ake so. Ya duba, ya ga inda matsalar take, ya sake tsarin: allura miƙaƙƙiya mai hawa da sauka, da takalmin da ke danne yadi. Ya samu takardar mallakar ƙirarsa a watan Agustan 1851. Wato a teburin gyara Singer ya fara. Ba shi ne farkon wanda ya ƙirƙiro keken ɗinki ba. Wani mai suna Elias Howe ya riga shi rajistar ɗinki mai zare biyu tun 1846, ya maka shi kotu, ya kuma yi nasara a 1854, dole Singer ya biya shi. Abin da ya ɗaga Singer sama da kowa shi ne dabarar abokin kasuwancinsa, lauya Edward Clark, wanda a 1856 ya fito da tsarin a ɗauki keke a riƙa biya kaɗan-kaɗan. Da wannan keke ya shiga gidan talaka, ya zagaya duniya, har ya iso ɗakin Hajiya a Daura. Dattawan Kano za su gaya miki ko kasuwar Singa daga shagon kamfanin ta ci sunanta.

Yanzu ga cutar kekenki. Bai mutu ba, ya daskare ne. Tsohon mai ya haɗu da ƙurar hunturu takwas ya koma kamar ƙaro, ya riƙe gaɓoɓin. A cikin wannan keke babu roba, ƙarfe ne zalla ke juyawa a cikin ƙarfe, don haka babu abin da ya ruɓe. Ki fitar da shi tsakar gida. Ki cire allura, ki kwance ƙaramin farantin da ke ƙarƙashin allura, ki zare kwarkwaro da gidansa. Ki sa tsohon burushin goge baki ki share duk abin da kika gani. Sannan ki ɗiga kananzir a kowane ɗan rami da ke saman kai, ki kwantar da kan baya ki ɗiga a duk inda ƙarfe biyu suka haɗu a ƙasa. Ki bar shi a rana ya ɗumama, ya kwana. Washegari ki kama wilin hannu ki riƙa motsa shi gaba kaɗan, baya kaɗan, kamar mai lallashin yaro. Kada ki yarda wani ya sa masa sifana ko ya buga da guduma, a nan ne ake karya abin da ba shi da laifi. Idan bai saki ba, ƙara kananzir, ƙara kwana. Da ya saki za ki ga wani ruwa ja-ja yana fitowa, ki goge, ki yi ta juyawa babu zare har ya yi sauƙi, sannan ki bi duk wuraren da farin man keke, ɗigo ɗaya-ɗaya. Kananzir wanki ne kawai, ba ya zama a madadin mai.

Zanen zinaren nan kuma ki kiyaye shi. Kada ki taɓa shi da fetur ko sipirit ko ruwan omo, nan take zai koɗe ya koma fari. Auduga da ɗan man keke sun isa. Igiyar fata da ke haɗa wili da mataki ta bushe, ki sa a yanko miki sabuwa, ba ta da tsada. Ki duba katakon teburin ko gara ta shiga.

Shekarun baya an kawo mini irinsa daga wani ƙauye a hanyar Mashi. Da na kwantar da kan, har gidan zanzaro biyu na tarar a ciki, ga man gyaɗa da aka yi ta zuba masa ya daskare ya yi baƙi. Kwana uku ina fama. Ranar da ya saki na sa zare na ɗinka ƙyalle, mai shi, dattijo ne da furfura, yana zaune a benci. Ya ce in ƙara takawa. Na taka. Ya yi shiru can, sannan ya ce rabonsa da jin wannan ƙarar tun yana kwance a tabarma mahaifinsa na ɗinki da fitilar ƙwai. Ɗinkin da keken ya fitar a ranar, jeri ɗaya kamar an auna da ma'auni, sabon keke da yawa ba zai yi shi ba. Da tsohuwar zuma ake magani. In kin gwada abin da na ce ya ƙi, ki aiko da kan kawai a mota, ki bar teburin a gida.

TAMBAYA: Malam, ni tela ne a wajen Kofar Marusa. Kekena yana tsallake ɗinki, yana tsinka zare, wani lokaci ya cukurkuɗe shi a ƙarƙashin yadi. Sau uku ana yi mini saitin taimin, kwana biyu sai ya koma. Ga shaddodin mutane jibge. Yaya zan yi?

AMSA: Ɗana, na tausaya maka, na san yadda zuciyar tela take idan kayan mutane na rataye keke ya ƙi. Amma kalmar nan taimin, wato daidaita lokacin da allura ke haɗuwa da ƙugiyar da ke ƙasa, ta ci kuɗin teloli da yawa a garin nan. A baƙin keke irin namu, ƙugiyar da ke kama zare a kafe take da sandarta, da wuya ta goce. A cikin kekuna goma da ake kawo mini da wannan kuka, mafi yawa ko sukundireba babba ba na ɗauka.

Ka san yadda ɗinkin ke ƙulluwa? Allura na sauka da zaren sama har ƙasa. Da ta fara ɗagowa, kimanin milimita biyu, sai zaren ya yi ɗan zarge a gefenta. A daidai wannan ƙiftawar bakin ƙugiya ke wucewa ya kama zargen, ya zagaya da shi bayan kwarkwaro, sandar da ke sama ta ja ta ɗaure. Shi ke nan ɗinki ɗaya. Tsallake na nufin ƙugiya ta zo ba ta tarar da zarge ba. Saboda haka tambayar ita ce: me ya hana zargen fitowa a inda ya kamata?

Fara da allura. Cire ta ka kwantar da gefenta mai faɗi a kan gilashi ko farantin keken. In ka ga bakinta ya ɗaga ko ya karkata, jefar. In ka shafa bakinta a farce ka ji tana karta, jefar. Shadda mai sitaci da leshi mai duwatsu suna cin bakin allura da sauri, amma sai ka ga tela ya yi wata guda da allura ɗaya, yana tsimin kuɗin da bai kai na shayi ba, yana asarar yini. Sannan lamba: 14 don atamfa da yadi matsakaici, 16 don shadda mai nauyi da inda aka ninka, 18 don kaki da jins, 11 ko 12 don yadin hijabi mai santsi. Siririyar allura da zare mai kauri tsinkewa ne, babu makawa. In yadin mai miƙewa ne irin na roba, akwai allura mai dunƙulallen baki da aka yi don shi.

Sai yadda ka sa ta. Ka tura ta sama har ta tokare kafin ka ɗaure. Ka duba jikinta, gefe ɗaya akwai dogon kwari tun daga sama har ido. Daga wannan gefen zare ke shiga, kullum. A Butterfly da yawancin kekunan da ke hannun telolinmu, faɗin allura na kallon dama, zare ya shiga daga hagu. Amma akwai wasu Singer, irin 201 da wasu daga cikin 'yan gidan 15, da faɗin ke kallon hagu, zare ya shiga daga dama. Na sha ganin wanda ya saba da ɗaya ya koma ɗayan ya sa allura a juye, ya rantse keken ya lalace. Kada kuma ka sa allurar babban keken masana'anta, mai zagayayyen gindi, a keken gida.

Cukurkuɗewar da kake gani a ƙasa kuwa, ka riƙe wannan: in zare ya taru a ƙarƙashin yadi, laifin na sama ne. Ko zaren bai shiga tsakanin faifan tenshan ba, wato faifai biyun da ke matse zaren sama, ko ƙura ta cika tsakaninsu ta hana su matsewa. Ka ɗaga takalmi kafin ka zura zare, don a lokacin ne faifan ke buɗewa. Ka ninka tsabtataccen ƙyalle ka ja shi a tsakaninsu, za ka sha mamakin abin da zai fito. Shi kuma gidan kwarkwaro, ka riƙe bakin zaren ka bar shi ya rataya. In ya zube ƙasa da kansa ya yi sako-sako, in ka girgiza ya ƙi motsi ya matse da yawa. Daidai shi ne ka ɗan girgiza ya sauka kaɗan ya tsaya. Ƙaramin sukurun da ke jikinsa ake juyawa, kaɗan-kaɗan, a kan farin ƙyalle, don in ya faɗi a ƙasan shago sai dai wani.

Ka kwance farantin allura. A tsakanin haƙoran da ke jan yadi za ka tarar da gashin yadi ya danƙare kamar bargo. Wannan na hana haƙora tasowa, yana kuma shanye mai. Ka shafa ramin farantin da bakin ƙugiya da ɗan yatsa. Duk inda allura ta taɓa karyewa tana barin ƙaya, kuma ita ke yanka zare. Takardar yashi mafi laushi ta isa ta goge ta, amma a bakin ƙugiya da hankali, kada a dakusar da shi.

In duk ka yi wannan bai daina ba, sai mu zo ga abin da nake zato. Ka ce ana gyarawa kwana biyu ya koma. Wannan alamar sandar allura ce ke zamewa sama, don sukurun da ke riƙe ta ya gaji ko ba a ɗaure shi sosai ba, kai kuma kana hawa kan ninki huɗu na shadda da gudu. Ka ce wa mai gyaranka ya daidaita tsayin sandar yadda bakin ƙugiya zai wuce sama da idon allura da kimanin milimita ɗaya da rabi, sannan ya sa sabon sukuru. Idan ka zo kan ninki mai kauri, ka sassauta ƙafa, ka taimaka da hannu, kuma kada ka ja yadi ta baya, jan nan ne ke lanƙwasa allura ta daki faranti. Zaren ma ka duba. Wanda ya daɗe a rana a bakin shago ya ƙone, in ka ja da hannu ya tsinke ba wuya, ba keken da zai ɗinka da shi.

TAMBAYA: Malam, 'yata ta gama koyon ɗinki, ina so in sa mata keke a kayan ɗakinta. Wasu sun ce Butterfly, wasu sun ce sabon Singer fari mai lantarki, wasu sun ce in nemi tsoho. Wanne ya fi? Daga wani uba a Filin Samji.

AMSA: Allah Ya sanya alheri, Alhaji, Ya sa a yi a sa'a. Ka yi tunani mai kyau, keke a ɗakin mace jari ne.

Butterfly ɗan Shanghai ne a ƙasar Sin, kuma in ka kwance shi ka kwance tsohon Singer 15 ka ajiye gefe da gefe, za ka ga ɗa da uba. Wannan ƙirar ta 15 ta samo asali tun 1879. Bayan yaƙin duniya na biyu masana'antun Japan suka yi ta kwaikwayonta, Sin da Indiya ma haka. Shi ya sa kwarkwaro da gidansa da allura da takalmi kusan duk suna shiga juna, kuma shi ya sa ba ƙauyen da za a rasa kayan gyaransa. Wannan babbar fa'ida ce ga yarinyar da ba ka san inda zama zai kai ta ba. Sai dai a hannuna na ga bambanci tsakanin na da da na yanzu. Tsofaffin da iyayenmu mata suka saya sun fi nauyi, sun fi laushin tafiya. A kasuwa yanzu kuma akwai kekuna barkatai masu sunaye iri-iri, har da waɗanda ake manna wa suna Singer alhali ba su haɗa komai da kamfanin ba. Na asali lambarsa a buge take cikin ƙarfe, tambarinsa na tagulla a kafe da ƙusa. Araha ba ta ado.

Sabon Singer fari kuwa, sunan na nan amma gidan ya sauya hannu. Kamfanin ya shiga matsalar bashi a 1999, yanzu yana ƙarƙashin wani kamfani da ya haɗa shi da Pfaff da Husqvarna Viking, su ma masu ƙera keken ɗinki, kuma a ƙasashen Asiya ake ƙera yawancinsu. Ba na kushe su. Suna yin abin da baƙin keke ba ya yi: zigzag, ramin maɓalli, ado kala-kala, ga rashin nauyi. Amma an yi su ne don matar da za ta ɗinka kayan gidanta, ba don a wuni a kansu ana ɗinkin kuɗi ba. A cikinsu akwai giya ta roba. Tun ƙarshen shekarun 1960 kamfanin ya fara sa irinta a wasu kekunansa, kuma idan ta tsufa tsagewa take yi. Ranar da ta tsage a Katsina, sai an aika Kano ko Legas, wani lokaci a dawo hannu rabbana. Ga kuma maganar wuta. Keken da ba ya motsi sai NEPA ta kawo, a daren sallah ba abin dogaro ba ne.

In ni ne, ga abin da zan yi. In nemi baƙin keke mai teburi da mataki, tsohon Singer in an samu mai lafiya, in ba a samu ba Butterfly na ƙwarai. In sa masa ɗan moto a gefe, in bar igiyar ƙafa a wurinta. An kawo wuta ta yi gudu, an ɗauke ta taka. Ranar saye ka tafi da ita yarinyar da ƙyallayenta uku: atamfa, shadda ninki huɗu, da yadin hijabi. Ta ɗinka da kanta, ta juya ta duba bayan. Ka kama sandar allura ka girgiza, in tana rawa a bar shi. Ka juya wili a hankali, in akwai inda yake cijewa a kowane zagaye, akwai abin da ya lanƙwashe a ciki. In Allah Ya buɗa mata kasuwa nan gaba, ita da kanta za ta sayi babban na masana'anta irin su Juki.

TAMBAYA: Baba, wasu mutane suna zagaya unguwarmu suna neman tsofaffin Singer, wai akwai wani sinadari da ake kira jan makuri a ciki mai tsadar gaske. Sun ce in kawo na kakata a gwada, amma sai na biya kuɗin gwaji. Gaskiya ne? Daga wani matashi a Rafindadi.

AMSA: Ɗana, kada ka ba su ko sisi, kada kuma keken ya bar gida. Na kwance Singer tun daga wili har ƙugiya fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Abin da ke ciki ƙarfe ne, da mai, da ƙura. Wannan jita-jita tsohuwa ce. A 2009 ta tashi a Saudiyya, mutane suka yi ta rububin tsofaffin Singer da kuɗi masu yawa, har ana fasa shagunan teloli ana sacewa. Wai in ka kara waya kusa da allura sabis ya ɗauke, to akwai shi. Hukumomin can suka fito suka ce damfara ce. Shi jan makurin da ake faɗa ma babu wanda ya taɓa nuna shi.

Yadda abin ke ƙarewa kala biyu ne. Ko su karɓi kuɗin gwaji su ce naka babu, ko su farfasa keken suna nema su bar ka da tarkace. Na biyun ya fi yi mini ciwo, don an taɓa kawo mini guda a buhu, an fasa wuyansa da guduma, keken da zai iya ciyar da gida shekara hamsin nan gaba. Ƙarfen zubi in ya fashe, ko an yi masa walda ba ya komawa daidai, don in sandunan ciki suka goce da kaurin gashi ɗinki ya tafi. Ka sanar da mai unguwa, ka kuma gaya wa tsofaffin gidanku, su ake fi yaudara.

TAMBAYA: Malam, in man keke ya ƙare, zan iya sa man gyaɗa ko baƙin mai na mashin? Daga wata uwar gida a Sabuwar Unguwa.

AMSA: A'a, Hajiya. Man gyaɗa da man ja da duk man girki suna daskarewa su zama danƙo, su ne suka kashe da yawa daga kekunan da ke jingine a ɗakuna. Na mashin kuma ya yi kauri, yana kama ƙura, yana ɓata yadi. Gara ki yi ɗinkin yini ɗaya babu mai da ki sa waɗannan. Farin man keke, mai kama da ruwa, shi kaɗai. In kina ɗinki kullum, ɗigo ɗaya a hanyar ƙugiya kowace safiya, sauran ramukan sau ɗaya a mako. Bayan kin sa ki fara ɗinka tsumma kafin ki ɗora kayan mutane. Da hunturu kuma, in kin tashi ki rufe shi, ko da tsohon zane ne.

TAMBAYA: Malam, na sayi keke mai lantarki a kayan gwanjo. Ina sa shi a wuta ya yi gudu kamar zai tashi sama, sai hayaƙi da wari. Ya mutu ke nan? Daga wani ɗalibi a Daura.

AMSA: Ka duba ɗan farantin da ke jikin moton. Ina kyautata zaton za ka ga an rubuta 110 ko 120. Kayan Amurka ke nan, mu kuwa wutarmu 220 zuwa 240 ce, ka ba shi ninki biyu na abin da zai iya ɗauka. Moton ya ƙone, amma keken lafiyarsa lau. In irin wanda moton ke rataye a waje ne da ɗan bel, sukuru ɗaya ke riƙe da shi: a cire, a sa sabo mai 220 da matakinsa, a sauya ƙwan fitilar shi ma, aikin rabin awa. In kuwa moton a cikin jiki yake, sai a kai wa masu naɗin waya su sake naɗa shi, sannan ka tambaye su a kan wace wuta suka naɗa. In a kan 110 suka mayar da shi, sai ka sayi ƙaramar taransifoma mai rage wuta, ka ɗaure filoginsa a jikinta da salatif yadda wani a gidan ba zai zare ya kai bango ba. Kafin ka kashe ko kwabo, cire bel ɗin ka juya wili da hannu, ka sa zare ka ɗinka ƙyalle. In ɗinkin ya fito daidai sama da ƙasa, ya cancanci a saya masa moto.